Babi na Biyu: Ɗori da Muƙabala

Wata yarinya da na taɓa koyarwa a ajin lesin na yamma ta zana jarrabawar fita sakandare sau biyu, kuma duka biyun lissafi ne ya riƙe mata ƙafa. Karon farko F9, na biyu D7. Sauran darussa duk ta ci, amma da yake galibin kwasa-kwasan jami'a sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ga ta nan zaune a gida, ƙawayenta har sun kai aji biyu. Mahaifiyarta na sayar da hatsi a cikin gida, yarinyar ce kuma mai riƙe kuɗin ciniki. Ran nan na rubuta 3x + 500 = 9,500 a allo, na ce ta fito ta warware. Ta tsaya da alli a hannu kamar an dasa ta. Sai na goge, na ce mata, "Wata mata ta auni shinkafa kwano uku a wurin Umma, ta ba ɗan dako naira ɗari biyar, duka-duka ta kashe dubu tara da ɗari biyar. Nawa kwano?"

Ban rufe baki ba ta ce, "Malam, ai dubu uku ne."

Na ce ta yaya?

"A cire ta ɗan dako, saura dubu tara, a raba uku."

Abin da ta faɗa ɗin nan, ba ƙari ba ragi, shi ne abin da ake so ta rubuta a allo: a ɗebe 500 daga kowane ɓangare, a raba da 3, x ya zama 3,000. Lissafin yana kanta tun tana 'yar firamare. Abin da ya gagare ta shi ne harshen da aka yi mata tambayar da shi. Tun daga ranar nake ɗaukar aljabara a matsayin darasin harshe kafin komai, kuma a haka zan bi da kai cikin wannan babi: kalma bayan kalma, alama bayan alama, sai mun ga me kowace take nufi da bakin mutanen kasuwa.

Daga ina sunan ya fito

Wajen shekara ta 820, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wani malami mai suna Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta ɗan littafi a kan lissafin da ya kira "al-jabr" da "al-muƙabala". Kalmar farko ce ta bi ta Latin, bayan da Robert na Chester ya fassara littafin a ƙasar Sifaniya a 1145, har ta zama aljabara. Sunan malamin kansa shi ne ya rikiɗe ya zama "algorithm" ɗin da masu kwamfuta ke ta ambato a yau.

Kalmomin nan biyu ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya wuce ta babin shafa a kan jabira, wato karan ɗori da tsumman da ake ɗaure karaya da su. Tushensu ɗaya da "jabr". Ma'anarsa ɗori, mayar da abin da ya karye mazauninsa. A tsohon harshen Sifaniya ma, mai ɗorin ƙashi "algebrista" ake ce masa. Muƙabala kuwa mun san ta: a zaunar da malamai biyu gaba da gaba, kowa ya baje hujjarsa, abin da suka yi tarayya a kai a ajiye shi gefe, a fuskanci inda suka saɓa.

Ga yadda suke aiki. Mutum ya sayar da kaji biyar a farashi ɗaya, ya biya kuɗin mota naira 2,000, ya iso gida da 38,000. A rubuce, 5x − 2,000 = 38,000. Ɓangaren hagu yana da karaya, an gutsure masa dubu biyu. Sai a ɗora shi: a mayar masa da 2,000 ɗinsa, a ba ɓangaren dama ma 2,000 don kada a yi zalunci. Ya zama 5x = 40,000, kaza ɗaya dubu takwas ke nan. Wannan shi ne ɗori. Idan kuma aka ba ka 7x + 4 = 3x + 24, sai ka zaunar da ɓangarorin biyu su kalli juna. Kowa yana da aƙalla 3x, a kwashe musu. Kowa yana da aƙalla 4, a kwashe. Saura 4x = 20, x ya zama 5. Wannan ita ce muƙabala.

Wani abu da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne, a duk littafin nan babu x, babu alamar ƙari, babu alamar daidai. Zance ne zalla, hatta lambobin da kalmomi aka rubuta su. Abin da ba a sani ba yana kiransa "shai'", wato abu. Abun da aka ninka da kansa "mal", wato dukiya. Lamba tsurarta kuma dirhami. Alamomin da ke firgita mu daga baya suka zo, kuma a tsittsinke. Alamar ƙari da ta ragi sun fara bayyana a bugaggen littafi a Jamus a 1489, cikin littafin lissafin 'yan kasuwa na Johannes Widmann. Alamar daidai wani likita ɗan yankin Wales, Robert Recorde, ya ƙago ta a 1557, don ya gaji da maimaita kalmomi iri ɗaya. Al'adar sa x da y da z a madadin abin da ba a sani ba kuwa René Descartes na Faransa ne ya yaɗa ta a 1637. Ka ga ke nan an shafe shekara ɗari takwas ana aljabara da baki, irin ta yarinyar nan, kafin a gama yi mata taƙaitaccen rubutu.

Ba kuma don nishaɗi al-Khawarizmi ya rubuta littafin ba. Ya yi shi ne don masu rabon gado da wasiyya, da 'yan kasuwa, da masu awon gonaki da haƙa magudanan ruwa, kuma kaso babba na littafin matsalolin wasiyya ne. Har gobe malamin da ke raba gado a unguwarku aljabara yake yi. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, bayan an biya bashi da wasiyya ya bar naira 2,400,000, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar ta ɗauki tumuninta, ɗaya bisa takwas, 300,000. Saura 2,100,000. A kira rabon 'ya mace x, na namiji 2x. Maza biyu 4x, mata uku 3x, an sami 7x = 2,100,000. Kowace 'ya 300,000, kowane ɗa 600,000. Malam zai ce "an raba gida bakwai", mai jarrabawa zai ce 7x. Magana ɗaya ce.

Harafi, gaɓa, jimla

Mu fara da harafin kansa. Idan Bahaushe zai ba da labarin mutumin da bai san sunansa ba, ko ba ya so ya faɗa, sai ya ce wane. Idan adadi ne sai ya ce kaza: ya sayi buhu kaza a kan naira kaza. To x shi ne kaza. Yana riƙe wa wata lamba wuri kafin a gano ta. Turawa na ce masa "variable" idan yana iya sauyawa daga wannan lamba zuwa waccan, "unknown" idan lamba ɗaya ce ta ɓuya ake nema.

A nan akwai rami, kuma manya ma na faɗawa. Harafi lamba yake wakilta, ba sunan abu ba. A farkon shekarun 1980 John Clement da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun ba sabbin ɗaliban injiniya wata 'yar tambaya: a wata jami'a yawan ɗalibai ya ninka na malamai sau shida, a rubuta wannan da haruffa. Sama da sulusinsu sun kuskure, kuma mafi yawan masu kuskuren juya abin suka yi. Gwada da kanka. A wani garke awaki sun ninka tumaki sau shida. A ce a yawan awaki ne, t yawan tumaki. Hannu zai so ya rubuta 6a = t, don kunne ya ji shida kusa da awaki. Tsaya ka sa lamba. Idan tumaki 10 ne, awaki 60 ne. Shida sau 60 ya zama 10? Ina! Daidai shi ne a = 6t. Ƙaramin adadi ake ninkawa don ya kamo babba. Duk lokacin da ka fassara zance zuwa haruffa, gwada shi da 'yar lamba mai sauƙi kafin ka ci gaba. Daƙiƙa biyar zai ci maka.

A cikin 3x + 500, lambar 3 da ke manne da x ita ce "coefficient". Ni ina ce mata 'yar rakiya, kuma aikinta ninkawa: 3x na nufin x sau uku. Ba a rubuta alamar sau a tsakaninsu don kada ta rikice da x ɗin. Idan ka ga x shi kaɗai, 'yar rakiyarsa 1 ce, idan −x ne kuma −1. Ita 500 da ke tsaye ba harafi ana ce mata "constant", tsayayyar lamba, irin kuɗin ɗan dako wanda ba ruwansa da tashin farashin shinkafa. Kowane yanki da alamar ƙari ko ta ragi ta raba shi da ɗan'uwansa shi ne "term", mu ce gaɓa, kamar ta rake. Kowace gaɓa da alamar da ke gabanta take tafiya. A 5x − 2y + 7, gaɓa ta biyu −2y ce, ba 2y ba, kuma duk inda za ka kai ta da ragin nan za ka ɗauke ta.

Gaɓoɓi 'yan gida ɗaya kaɗai ake haɗewa. Idan x kuɗin kwanon gero ne, y na dawa, to 2x + 5x kuɗin kwano bakwai ne na gero, 7x. Amma 2x + 3y haka zai zauna, ba ya zama 5xy, don farashin biyu ba ɗaya ba ne. Haka x da x² ba 'yan gida ɗaya ba ne ko da yake harafinsu ɗaya: na farko tsawon igiya ne, na biyu faɗin fili.

Hausa ta yi mana wata gata a nan. Kalmar jimla tana nufin abin da aka tara, tana kuma nufin cikakken zance a nahawu. Idan na ce "kwano uku da kuɗin dako" na yi shiru, za ka ce sai me? Yankin jimla ne, bai faɗi komai ba tukuna. Wannan shi ne "expression", kamar 3x + 500. Idan na ƙarasa, "sun kama dubu tara da ɗari biyar", zance ya cika, ana iya gaskata shi ko a ƙaryata. Wannan shi ne "equation", kuma alamar daidai ce ta cika shi. Bambancin yana da amfani a ɗakin jarrabawa, don umarnin da ake bayarwa ya danganta da wanda ke gabanka. Yankin jimla ana iya tsefe shi a rage masa tarkace, shi ne "simplify". Ana iya buɗe masa baka biyu a baje shi, "expand". Ana iya mayar da shi cikin baka biyu ta hanyar zaro abin da gaɓoɓin suka yi tarayya a kai, "factorise". Ana iya ba ka lambar da za ka sa a gurbin harafi ka faɗi abin da ya fito, "evaluate". Amma "solve", wato nemo lambar da ta ɓuya, sai cikakkiyar jimla. Na sha ganin takardar ɗalibin da aka ce ya tsefe 4x + 6 − x, ya sami 3x + 6 daidai, sai zuciyarsa ta ƙi yarda cewa amsa na iya zama da harafi a ciki, ya ƙaƙaba mata "= 0" daga aljihunsa, ya rubuta x = −2. Ya ci maki ya kuma zubar da hannunsa.

Sikeli, ba ƙofa ba

Tun daga firamare an saba mana da ganin alamar daidai kamar mai cewa "ga amsa nan tafe". Shi ya sa idan ka rubuta wa yaro 8 + 4 = kaza + 5, da yawa za su ce 12. Amsar 7 ce. Alamar tana cewa ne abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya, kamar sikelin mai nama idan ya tsaya cak. Doka ɗaya ce tak ke tsare da wannan sikeli: abin da ka yi wa wannan hannu, yi wa wancan.

Na san abin da aka koya wa yawancinmu: "idan ya tsallaka sai ya canza alama." Ba na son wannan karin magana, kuma zan faɗi dalili. Yana aiki a kan ƙari da ragi, sai ɗalibi ya ɗauka ko'ina haka ne. A ba shi 3x = 12, ya tsallakar da 3, ya canza mata alama, ya rubuta x = 12 − 3, ko 12 bisa −3. Babu abin da ke tsallakawa. Uku tana ninka x ne, maganin ninki kuwa rabawa, sai a raba hannu biyun da 3, a sami 4. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya taƙaitawa, ba laifi. Amma duk ranar da ka rikice, komo wa sikeli ka tambayi kanka me aka yi wa x, sannan ka warware daga na ƙarshe zuwa na farko, yadda mai kwance rawani ke farawa da naɗin da ya yi a ƙarshe.

Inda Turanci ke yi mana rinto

Bahaushe yana faɗin ragi a tsarin da ake rubuta shi. Sha takwas a tsohon ƙidaya "ashirin biyu babu" ne: ashirin tukuna, sannan a cire biyu, 20 − 2. Agogo ma haka, ƙarfe uku saura kwata. Bature kuwa da abin da za a cire yake farawa, "two less than twenty". Ɗalibin da ke bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya sai ya ga "5 less than x" ya rubuta 5 − x, alhali x − 5 ne, wato x biyar babu. Haka "subtract 3 from y" yake, y − 3. Idan ka ci karo da irin wannan, faɗe shi da Hausa a zuci kafin ka rubuta, za ka ji wanda ya kamata ya zo gaba.

Sai kalmomin da ɗalibi ya sani da wata ma'ana a waje. "Product" a darasin kasuwanci haja ce, a lissafi kuwa sakamakon ninkawa: na 4 da 5 shi ne 20. "Difference" ba ya nufin ka bayyana yadda abu biyu suka bambanta, tazarar da ke tsakaninsu ake so, a ɗebe ƙarami daga babba. "Sum" jimla ce ta tarawa, "quotient" abin da rabawa ta haifar. 'Yar ƙaramar kalmar nan "of", idan ta biyo bayan rabi ko sulusi ko kashi kaza cikin ɗari, ninkawa take nufi: rubu'in 80 shi ne 1/4 sau 80. "At least 10" aƙalla goma ne, goman na ciki, ana iya wucewa. "At most 10" kuwa kada a wuce goma. "Consecutive" a jere ke nan, x da x + 1 da x + 2. Idan an ce lambobin cika ne a jere, ko na mara a jere, tazarar biyu-biyu ce, x da x + 2 da x + 4, kuma wannan gaskiya ne ga maran ma, ko da yake ido na so ya ga 1 da 3 a wurin. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da ke shirin jarrabawar Bak, da Faransanci suke fama da nasu, amma ramukan kusan a wuri ɗaya aka haƙa su.

Mu ɗauki tambaya guda irin ta shekaru, wadda ba ta cika ɓacewa daga takardun jarrabawa ba. Uba ya girmi ɗansa da shekara 24. Nan da shekara 6, shekarun uban za su ninka na ɗan sau biyu. Shekarun ɗan nawa yanzu? Kada ka fara da lissafi, fara da raɗa suna. Ɗa yanzu x, uba x + 24. Nan da shekara 6 kowa ya ƙara shida, ɗa x + 6, uba x + 30. Mantawa da cewa uban ma yana tsufa shi ne kuskuren da na fi gani. Wa za a ninka? Ƙarami. Saboda haka x + 30 = 2(x + 6). Baka biyun nan wajibi ne, don duk shekarun ɗan ake ninkawa, ba x kaɗai ba. A buɗe: x + 30 = 2x + 12. A yi muƙabala: x = 18. A gwada: ɗa 18, uba 42, nan da shekara shida 24 da 48. Ya zauna.

Bashi

Lambobin da ke ƙasa da sifili ba su da sunan da ya fi bashi, kuma ba ni na fara faɗa ba. Brahmagupta na Indiya, a shekara ta 628, da dukiya da bashi ya bayyana dokokinsu. Kana da 3, ana bin ka 10, matsayinka −7. Ana bin ka 4, ka ƙara cin bashin 5, ka koma −9. Wanda ake bi 9 ya fi wanda ake bi 4 talauci, don haka −9 ƙasa take da −4, ko da tara ta fi huɗu a ido. Ragi biyu da ke haɗuwa su zama ƙari, wanda ɗalibai ke haddacewa kamar tsafi, yafe bashi ne kawai. Kana da 14 a aljihu ana bin ka 4, abin da ka mallaka 10 ne. Mai bashi ya ce ya yafe. An ɗebe maka −4, ka koma 14. Shi ne 10 − (−4) = 14.

Inda bashi ya fi cin mutane shi ne gaban baka biyu. Alamar ragi a nan tana shafar duk wanda ke ciki, ba na bakin ƙofa kaɗai ba: 9 − (x − 4) ya zama 9 − x + 4. Ka kuma lura da (−3)² da −3². Na farko −3 sau −3 ne, 9. Na biyu 3 aka ninka da kanta sannan aka sa ragi, −9. Masu shirya tambayoyin zaɓi sun san wannan sarai, kuma amsar mai kuskure tana nan zaune cikin A zuwa D tana jiransa.

Filin da aka faɗaɗa

Kuskuren da ya fi kowane farin jini a aljabara shi ne rubuta (a + b)² = a² + b². Yana da kyan gani, shi ya sa. Mu je fili. Kana da fili murabba'i, taku 10 kowane gefe, faɗinsa 100. Ka sayi ƙarin taku 3 ta gabas da taku 3 ta kudu, ya zama 13 sau 13, wato 169. Mai wancan kuskure zai ce 100 da 9, 109. Ina 60 ta shiga? Ya ƙirga tsohon fili da 'yar kusurwar 3 sau 3, ya manta da zirin gabas da zirin kudu, kowane 10 sau 3. Su ne 2ab ɗin da ke tsakiya: (a + b)² = a² + 2ab + b². Zana shi sau ɗaya a takarda da hannunka. Gani ya kori ji.

Da wannan zanen ne al-Khawarizmi ya warware shahararriyar matsalarsa, wadda a rubutun yau take x² + 10x = 39. Ga fili murabba'i, x kowane gefe. A raba 10x biyu, zirin 5x ta gabas, zirin 5x ta kudu. Duka faɗinsu 39, amma akwai giɓi a kusurwa, 5 sau 5. A cike shi da 25, a ƙara wa ɗaya hannun ma 25, an sami cikakken murabba'i mai faɗin 64. Saiwar 64 ita ce 8, wato gefen babban filin, x + 5 = 8, x ya zama 3. Abin da littafinka ke kira "completing the square" ke nan, cike murabba'i, kuma cikewar ta zahiri ce. Shi malamin a nan ya tsaya, don fili ba ya da gefe mai bashi. Mai jarrabawar yau ba zai tsaya ba: −8 sau −8 ma 64 ne, saboda haka x + 5 = −8, x = −13. Gwada ka gani, 169 − 130 = 39. Amsa biyu ake so, wanda ya kawo ɗaya ya bar maki a tebur.

A ɗakin jarrabawa

Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu a gaban kwamfuta, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. A irin wannan matsi, sanin cewa alamar daidai sikeli ce yana da riba ta nan take: idan warwara ta cije, ɗauki amsoshin huɗu ka riƙa sa su a gurbin x, wadda ta tsayar da sikeli ita ce. Ba maguɗi ba ne, ma'anar amsa ke nan. A takardar rubutu ta WAEC da NECO kuwa dabarar ba za ta fisshe ka ba, don ana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Rubuta abin da x ke wakilta, rubuta jimlar da ka gina, sauko layi-layi. Ko hannu ya zame a ƙarshe, makin hanya na nan.

Yarinyar da na fara da labarinta, abin da na sa ta yi wata biyu shi ne ta buɗe littafi mai layi biyu a kowane shafi. A hagu ta kwafi tambaya daga tsofaffin takardu yadda take da Turanci, a dama ta rubuta ta da Hausar da za ta faɗa wa Ummanta, sannan a ƙasa ta mayar da ita haruffa. Na hana ta warwarewa a makon farko, fassara kawai. A zama na uku ta sami C5.

Kai ma ga naka kafin mu shiga babi na uku. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan hatimin lambobi, irin wanda kowane layi ke ba da jimla ɗaya ko ta ina aka bi. Ɗauki mafi ƙanƙanta, mai gida tara, da za a zuba wa lambobi 1 zuwa 9. Kafin ka zuba ko ɗaya, kira jimlar kowane layi s, ka tara lambobin tara gaba ɗaya, ka tuna layuka uku ne suka raba su. Rubuta wannan da Hausa tukuna, sannan da harafi, ka nemo s. Idan ka same ta, sai ka nemi lambar da dole ta zauna a gidan tsakiya.